Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon Awon Lantarki da Yadda Ake Mayar da Shi Bolt

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu guda suka faɗo: lambobin da ke cikin tsofaffin littattafai da jikin tsofaffin kayan aiki, waɗanda suka ƙi yin daidai da abin da mita ke nunawa a yau. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ari wani tsohon littafin fiziks a laburare, na tarar da wannan aiki: caji 20 esu, nisa santimita 5, a nemo boltej. Amsar littafin 4 ce. Ni kuwa da na bi fomular da aka koya mana a aji sai na samu 3.6 × 10¹². Ni da littafin wa ya kauce hanya? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Littafin bai yi kuskure ba, fomularka ma ba ta da aibi. Mudu biyu ka haɗa a awo ɗaya. Ka ɗauki 20 ɗin littafin a matsayin kulom, awon caji na yau, alhali ba kulom ba ce. Kulom 20 a wuri guda caji ne irin wanda aradu ke saukewa ƙasa, shi ya sa amsarka ta yi wannan tsallen.

Haruffan nan uku, esu, shaida ce cewa littafin yana kan tsohon tsarin santimita, giram da daƙiƙa, wanda ake taƙaitawa da CGS, a reshensa na tsayayyen caji. A wannan reshe daga ƙarfin turi aka yanko awon caji: in ka ajiye caji biyu masu girma ɗaya, santimita ɗaya a tsakaninsu, a wurin da babu iska, suka ture juna da ƙarfin dain ɗaya (dain shi ne awon ƙarfi a CGS), to kowannensu statkulom ɗaya ne. Tunda a haka aka yanke shi, fomular ba ta buƙatar wata lamba a gabanta. Boltej caji ne a raba da nisa kawai, V = q/r. Ashirin a raba gida biyar, huɗu. Sai dai huɗun nan statbolt ne, ana rubuta shi statV. Kama da wane ba ta wane.

Statbolt ɗaya bolt 299.792458 ne. Ga inda lambar ta fito, don kada ka haddace ta a makance. Boltej aiki ne bisa caji: bolt ɗaya jul ɗaya ne bisa kulom ɗaya, statbolt ɗaya kuma erg ɗaya ne bisa statkulom ɗaya. Erg ɗaya 10⁻⁷ ne na jul. Statkulom ɗaya 3.33564 × 10⁻¹⁰ ne na kulom. Raba na farko da na biyu, ka ga 299.79 ta fito da kanta. Saboda haka 4 ɗin littafinka bolt 1,199.17 ce. In za ka koma ta baya, daga bolt zuwa statbolt, sai ka raba da 299.79: wutar gida ta bolt 230 ba ta kai statbolt ɗaya ba, 0.767 ce; layin kilobolt 11 kuwa statbolt 36.7 ne.

Yanzu gwada da fomular ajinku. Ninka 20 da 3.33564 × 10⁻¹⁰, ka samu kulom 6.6713 × 10⁻⁹. Santimita 5 ta zama mita 0.05. Ninka cajin da 8.98755 × 10⁹, ka raba da 0.05. Bolt 1,199.17 za ka gani, ba ƙari ba ragi.

Lokacin da Najeriya ta bar fam ta koma naira a 1973, lissafin bai wuce ninkawa da biyu ba, fam ɗaya naira biyu, kuma yadda ake ciniki bai sauya ba. A nan ba lamba kaɗai ke sauyawa ba, fomular ma tana sauya kama. Abin da ake rubutawa q/r a tsohon tsari shi ne q/(4πε₀r) a sabo, inda 1/(4πε₀) ita ce 8.98755 × 10⁹ ɗin da muka ninka da ita. Don haka hanya biyu ce gare ka: ka gama aikin ɗungurungum a tsohon tsari sannan ka canja amsar ƙarshe, ko ka canja kowace lamba tun daga farko ka shiga sabuwar fomula. Ta farkon ta fi aminci, don sau ɗaya kawai za ka yi canji, wurin tuntuɓe ɗaya ke nan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rabi nan rabi can. Ba a tauna taura biyu.

Akwai ramuka biyu a gaba. Ƙarfin filin lantarki a tsohon tsari statbolt ne bisa santimita, kuma ɗalibai kan ninka da 300 su tsaya, su manta cewa santimita ɗari ne a mita. Statbolt ɗaya bisa santimita bolt 29,979 ne bisa mita. Hanyar riƙe shi: busasshiyar iska tana fara tartsatsi ne a wajen bolt miliyan 3 bisa mita, wato statbolt 100 bisa santimita. Rami na biyu: in ka buɗe littafi ka ga V = q/(4πr), da 4π amma babu ε₀, wannan wani ƙane ne na CGS da ake kira tsarin Heaviside da Lorentz, kuma awonsa ɗaya na boltej ya kai kusan bolt 1,063. Kafin ka taɓa kowane aiki a tsohon littafi, fara neman inda ya rubuta dokar Coulomb. Can zai gaya maka mudun da yake awo da shi.

Su kuma 300 da za ka riƙa gani a tsofaffin fomuloli, 299.79 ce aka cike. Bambancin kashi 0.07 ne cikin ɗari. A jarrabawa ba zai hana ka maki ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na lura lambar nan 299.792458 ta yi kama da gudun haske sak. Dace ne ko akwai dalili? Sannan mene ne abbolt da nake gani a teburin bayan littafi? (Malamin sakandare daga Sakkwato)

Amsa: Malam, idonka ya gani daidai, ba dace ba ne. Asalin maganar shi ne CGS ya haifi ’ya’ya biyu da ba sa jituwa. Ɗaya shi ne wanda muka yi bayani a sama. Ɗayan, mai alamar emu, daga ƙarfin maganaɗisu tsakanin wayoyi masu ɗauke da wuta aka yanko nasa awon. A cikinsa awon kwararar wuta abamfiya ne, daidai da amfiya 10. Awon caji abkulom, kulom 10. Awon boltej kuma erg ɗaya bisa abkulom ɗaya. Raba 10⁻⁷ da 10, ka samu 10⁻⁸. Wannan shi ne abbolt, abV: kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na bolt. Batirin tocila na bolt 1.5 abbolt miliyan 150 ne.

To raba statbolt da abbolt: 299.792458 bisa 10⁻⁸ ya ba ka 2.99792458 × 10¹⁰. Gudun haske ke nan a santimita cikin daƙiƙa. A 1856 Wilhelm Weber da Rudolf Kohlrausch a Jamus suka auna caji guda ta hanyoyin nan biyu, suka raba, suka samu kusan 3.1 × 10¹⁰. Ba fitila suka auna ba, ba madubi, tulun ajiye caji ne da allurar maganaɗisu, amma ga gudun haske ya fito. ’Yan shekaru bayan haka James Clerk Maxwell ya kafa hujja da wannan lamba cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ne. Lambar canjin awo ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Abin da za ka nuna wa ɗalibanka masu kaifin basira: in aka warware statbolt da abbolt zuwa giram, santimita da daƙiƙa, ba sa fitowa iri ɗaya. Santimita bisa daƙiƙa ne ke raba su, wato gudu. Saboda haka in muka ce statbolt ɗaya "daidai yake" da kaza, nufinmu boltej guda ne aka auna da ma’aunai biyu, ba wai awon biyu jinsi ɗaya ne ba. Jerin lambobin kuma ya tsaya cak ne tun 1983, da aka ɗaure tsawon mita da gudun haske, aka yanke shi a mita 299,792,458 cikin daƙiƙa.

Bolt ɗin kansa ɗan gidan emu ne. Masu aikin wayar tangaraho sun ga abbolt ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 ya tabbatar da bolt a matsayin abbolt 10⁸, om, awon turjiya, kuma abom 10⁹. An zaɓi 10⁸ ne saboda ya faɗo kusa da batirin Daniell, wanda ake aiki da shi a lokacin, mai ba da kusan bolt 1.1. Daga baya Giovanni Giorgi na Italiya ya nuna a 1901 cewa in aka ɗauki mita, kilogiram da daƙiƙa aka ƙara awon lantarki ɗaya, bolt da om da amfiya za su zauna ba tare da tarkacen sifili ba. Wannan shawara ce ta zama tsarin SI, wato tsarin awon da duniya ke aiki da shi yau, a 1960.

Tambaya: Salamu alaikum. Sana’ata naɗin taransfoma da kwayil. A littafin da maigidana ya bar mini akwai fomula: E = 4.44 × f × N × B × A × 10⁻⁸. Wani yaro mai karatun injiniya ya ce tasu ba ta da 10⁻⁸. Wace ce ta gaskiya? Kuma me ya sa muke raba 45 da faɗin ƙarfe mu samu zagaye? (Mai naɗin taransfoma daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya yi wa sana’a albarka. Duka biyun gaskiya ne, kuma 10⁻⁸ ɗin littafin maigidanka abbolt ne ya ɓuya a ciki. A tsohon tsari ana auna B, wato cunkoson maganaɗisu a cikin ƙarfe, da gaus. Ana auna A, faɗin ƙarfen, da murabba’in santimita. In ka ninka su ka samu makswel, wanda tsofaffi ke kira "layi". Makswel ɗaya da ke sauyawa cikin daƙiƙa ɗaya yana haifar da abbolt ɗaya a zagaye ɗaya na waya. To amsar tana fitowa a abbolt, sai a ninka da 10⁻⁸ ta koma bolt. Fomular yaron tana karɓar tesla da murabba’in mita, ta ba da bolt kai tsaye. Tesla ɗaya gaus 10,000 ce, murabba’in mita ɗaya murabba’in santimita 10,000 ne. Ninka su, ga 10⁸ ɗin da ya ɓace.

Bari mu ɗora a kan ƙarfe na gaske. Ɗauki irin mai siffar E da I. Ka auna ƙafar tsakiya ta E, wadda bobin ke shiga, ka samu santimita 3.2. Ka matse jerin fallayen ka auna kaurinsu, santimita 4. Ninka su, 12.8. Amma ba duka ne ƙarfe ba, akwai fenti da ’yar iska tsakanin fallaye, don haka ninka da 0.9, ka samu 11.52. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, f ke nan. Ga ƙarfe na yau da kullum da ba ka san asalinsa ba, ɗauki gaus 10,000.

Zagaye bisa kowane bolt shi ne 10⁸ a raba da (4.44 × 50 × 10,000 × A). Lambobin cikin baka ban da A sun ba da 2,220,000. Raba 100,000,000 da ita, ka samu 45.05. Ga 45 ɗinku nan. Ba sihiri ba ne, gaus 10,000 ne da juyi 50 aka dunƙule. Raba 45.05 da 11.52: zagaye 3.91 a kowane bolt. Naɗin shiga na bolt 230 zai ci zagaye 899, ka ce 900. Naɗin fita na bolt 12 zai ci 47, ka ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda faɗuwar wuta in an ɗora kaya, ya zama 49. Shi ma yaron in ya sa tesla 1 da murabba’in mita 0.001152 a tasa, 3.91 zai samu.

Inda ake ƙona waya shi ne wurin gauraya. In ka sa tesla a fomula mai 10⁻⁸, za ta ce ka yi zagaye kusan miliyan tara. Wannan kuskure ba ya cutarwa, don kowa ya gani ya san shirme ne. Mai haɗarin shi ne na inci. Tsofaffin littattafan Ingila da Amurka suna ba da B a layi bisa murabba’in inci, misali 60,000. Wannan lamba gaus 9,300 ce kawai, domin murabba’in inci ɗaya murabba’in santimita 6.4516 ne. In ka ɗauki 60,000 ka haɗa da 11.52 na santimita, lissafi zai ba ka zagaye 150 a bolt 230, kuma 150 lamba ce da ido zai iya yarda da ita. Da zagaye 150 ana neman ƙarfen ya ɗauki tesla 6, alhali ƙarfe yana ƙoshi ne a wajen tesla 2. Da ya ƙoshi, naɗin ya zama kamar waya miƙaƙƙiya a bakin soket: gurnani, fis ya tashi, in babu fis kuma hayaƙi da warin banish. In B na inci ne, to A ma a inci za ka auna. Ƙarfen namu murabba’in inci 1.786 ne, amsar kuma ta fito wajen zagaye 967.

Sai batun juyi 60. Littafin Amurka zai ba ka 37.5 a maimakon 45, don wutarsu sau 60 take juyawa. In ka yi aiki da 37.5 a wutarmu, cunkoson maganaɗisu ya hau da kashi 20 cikin ɗari, daga tesla 1 zuwa 1.2. Ƙarfe mai kyau zai jure. Amma in littafin dama a 1.2 ya yi lissafinsa, kai ka tashi a 1.44, taransfoma ya riƙa ɗumi ko ba a ɗora masa komai ba. Ƙara da cewa wutarmu kan yi sama da 230 wani lokaci, sai ka ga dalilin da ya sa rowar zagaye ba ta da riba.

In naɗin shiga na asali yana da rai, akwai hanyar da ta fi lissafi: zura waya mai rufi ka yi zagaye 10 a kan bobin, ka ba taransfoman wuta ta cikin ƙwan fitila a jere, in ƙwan bai haska sosai ba ka cire shi ka ba shi kai tsaye, ka auna bakin zagaye goman. In mita ta nuna bolt 2.56, raba 10 da 2.56, zagaye 3.9 ke nan a bolt. Ka tuna ɗaya gefen wutar soket ce, hannu ɗaya a aljihu.

Tambaya: Ina gyaran tsofaffin rediyo. Na buɗe wata ta Jamus na ga kafasita an rubuta mata 500 cm. Santimita kuma a kafasita? Sannan a wani littafin Faransanci na ga 1 u.e.s. = 299,79 V. Bolt dubu ɗari biyu da casa’in da tara ke nan? (Mai gyaran rediyo daga Damagaram)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam. Ta biyun tukuna, don ta fi sauƙi: waƙafin Faransanci shi ne ɗigon Ingilishi. Bolt 299.79 ne, ɗari uku saura ƙiris. Haruffan u.e.s. su ne esu, u.e.m. kuma emu. Masu karatu a Najeriya su ma su kula, don littafin Jamusanci da na Rashanci duk da waƙafi suke raba lamba.

Santimitar kuwa gaskiya ce. A tsarin esu ƙarfin ajiyar kafasita statkulom ne bisa statbolt, kuma tunda V = q/r, in ka raba q da V abin da ya rage tsawo ne. Ƙwallon ƙarfe da ke rataye shi kaɗai, wanda daga tsakiyarsa zuwa bakinsa santimita ɗaya ne, ajiyarsa "santimita ɗaya" ce. A awon yau pikofarad 1.113 ke nan. Saboda haka 500 cm pikofarad 556 ne, ka sa na 560 da ake samu a kasuwa. Na 5,000 cm kuma ka sa nanofarad 5.6. In daga pikofarad za ka koma santimita, ninka da 0.9. Da wannan lissafin, duniyar nan tamu gaba ɗayanta ajiyarta wajen maikrofarad 709 ce kawai.

A wuraren tace wuta da haɗa sashe da sashe, bambancin kashi 11 cikin ɗari ba zai dame ka ba ko ka ɗauki santimita a matsayin pikofarad. A da’irar kamo tasha kuwa zai gusar da tashoshin daga inda allura ke nunawa, don haka can ka yi canjin daidai. Boltej ɗin da ke jikin kafasitar bolt ne na yau da kullum, ba statbolt ba. Sai dai babbar lamba irin 1500 V sau da yawa ta gwajin masana’anta ce, ba wadda zai zauna a kanta kullum ba.

Tambaya: Malam, muna kwashe kayan sito a ɗakin gwaje-gwaje sai muka samu wani ɗan akwati da kwalba mai siffar H a ciki, an rubuta Weston, 1.0183, da kalmar da ke nufin bolt na ƙasa da ƙasa, a digiri 20. Bolt iri-iri ne? Za mu iya gwada mitocinmu da shi? (Ma’aikaciyar ɗakin gwaji daga Maiduguri)

Amsa: Malama, kin tono tarihi. E, bolt ya taɓa zama iri biyu. Bolt na 1881 a takarda yake, abbolt 10⁸, kuma fitar da shi a aikace aiki ne mai wuya da ɗakunan gwaji kaɗan ke iyawa. Sai tarurrukan Shikago a 1893 da Landan a 1908 suka kafa awon da za a iya haɗawa da hannu. Om ya zama turjiyar zaiba mai nauyin giram 14.4521 a bututu mai tsawon santimita 106.300, a sanyin narkewar ƙanƙara. Amfiya ta zama wutar da ke tara giram 0.001118 na azurfa a kowace daƙiƙa. Bolt na ƙasa da ƙasa shi ne abin da ke tura wannan amfiya ta cikin wannan om. Don a riƙa ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, daga 1911 aka amince cewa batirin Weston yana ba da 1.0183 a digiri 20.

Da awo ya ƙara kyau sai aka gano na hannun ya ɗan fi na takarda girma. Ranar 1 ga Janairu 1948 aka koma na asali. Canjin: bolt ɗaya na ƙasa da ƙasa bolt 1.00034 ne na yau, na Amurka kuma 1.00033. Ninka 1.0183 da 1.00034 ki samu 1.01865. Duk takardar awo da aka rubuta kafin 1948 haka za ki yi mata, in aikin yana buƙatar lamba ta huɗu bayan ɗigo. In ba ya buƙata, ki bar ta yadda take.

An sake taɓa bolt bayan nan, amma da ɗan yatsa. A 1962 Brian Josephson ya yi hasashen cewa mahaɗar ƙarafa biyu marasa turjiya, a matsanancin sanyi, in aka haska mata igiyar rediyo, za ta ba da boltej a matakai da saurin igiyar kaɗai ke yankewa. Igiya mai gigahaz 70 tana ba da mataki na maikrobolt 144.75, ana jera dubban mahaɗai a kai bolt 10. Daga 1 ga Janairu 1990 duniya ta yarda da lamba ɗaya, gigahaz 483,597.9 a kowane bolt, abin da ya gusar da bolt na yawancin ƙasashe da kusan kashi 8 cikin miliyan, na Amurka da kashi 9 da ɗoriya. Ranar 20 ga Mayu 2019 aka tsayar da cajin ilektron da lambar Planck, lambar gigahaz ɗin ta koma 483,597.8484. Bolt na 1990 ya zama bolt 1.000000107 na yanzu. A kan bolt 10, maikrobolt ɗaya da ɗan kai. Mitar hannu da kuskurenta ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ta ma ganin canjin 1948, balle waɗannan.

Batun gwada mita da shi, ba mu ba da shawara ba. Na farko, irin wanda aka rubuta wa 1.0183 a digiri 20 yana sauka da wajen maikrobolt 40 a kowane digiri, kuma saukar tana ƙaruwa da zafi: a digiri 35 ya yi ƙasa da kusan milibolt 0.8, ya koma wajen 1.0179 a bolt na yau. In ya taɓa wuce digiri 40, wanda sito a Maiduguri a watan Afrilu ba ya rasawa, gishirin cikinsa na iya sauya hali, lambar jikinsa ta daina aiki. Na biyu, ba a yi shi don a ja wuta daga gare shi ba. Da na’urar daidaita boltej ake aiki da shi, inda ake kai allura sifili. Mitar allura ta da za ta lalata shi. Ta dijital mai megom 10 za ta ja kashi ɗaya cikin goma na maikro’amfiya, a taɓa a ɗauke. Kada a kifa shi, kada a girgiza. In kuna son ganin ko yana da rai, taɓawa ɗaya ta isa: kusa da 1.018 yana numfashi. Amma shi ne ke buƙatar a gwada shi, ba shi zai gwada wani ba. Kuma akwai zaiba da kadmiyam a ciki, duka guba ne. Kada ya shiga kwandon shara ko hannun masu sayen gwangwan. A bar shi a tsaye cikin akwatinsa, a rubuta masa gargaɗi, a ajiye shi tare da sinadarai masu haɗari.

Tambaya: Ilektron-bolt, eV, shi ma awon boltej ne? Kuma me ya sa wani littafi ya ce cajin ilektron 4.8 × 10⁻¹⁰ ne, namu ya ce 1.6 × 10⁻¹⁹? (Ɗaliba daga Katsina)

Amsa: A’a, ’yar’uwa, awon kuzari ne: abin da ilektron ɗaya ke samu in ya ratsa bolt ɗaya, jul 1.602 × 10⁻¹⁹. Sunan ne ke ruɗi. Lambobin biyu kuma caji ɗaya ne, na farko a statkulom, na biyu a kulom. Ninka 4.8032 × 10⁻¹⁰ da 3.33564 × 10⁻¹⁰ ki gani. In kin tarar da 4.774 × 10⁻¹⁰, wannan sakamakon Robert Millikan ne na 1913 daga gwajin ɗigon mai. Ya gaza na yau da kashi 0.6 cikin ɗari saboda lambar danƙon iska da ya yi aiki da ita ba daidai take ba.

Ga gwaji da zai zaunar miki da abin. Faranti biyu, santimita 1.6 a tsakani, bolt 5,000 a kansu. A tsohon tsari: raba 5,000 da 299.79, statbolt 16.68, raba da 1.6, ki samu 10.42 bisa santimita; ninka da 4.8032 × 10⁻¹⁰, ƙarfin da ke kan ilektron ɗaya dain 5.01 × 10⁻⁹ ne. A sabo: bolt 312,500 bisa mita sau 1.602 × 10⁻¹⁹, niyuton 5.01 × 10⁻¹⁴. Dain ɗaya 10⁻⁵ ne na niyuton, sun haɗu. In kika manta raba bolt da 299.79 kika ninka shi kai tsaye da cajin esu, amsarki za ta ninka ta gaskiya sau ɗari uku.

In karatu ya kai ki lissafin ƙwayar zarra a kwamfuta, za ki haɗu da wani awon kuma, mai alamar a.u. A can awo ɗaya na boltej bolt 27.2114 ne.